Bin sawun kalmar tushiyar kara a harsunan Silab

Da na zauna neman asalin kalmar da manoman Rasha ke kiran tushiyar hatsi da ke rage a gona bayan girbi, wato sternya, ban fara da ƙamus na asalin kalmomi ba. Na jera 'yan uwanta tukuna a sauran harsunan Silab, wato dangin harsunan da Rashanci ke ciki. A Yukren sternya ce, a Cek strniště, a Sabiya strnište, a Foland kuma ściernisko. Da ka cire kayan adon ƙarshe, sai ka ga gindi ɗaya ne: s, t, r, n. Mutanen Foland sun tausasa "st" ya koma "ść", su kuwa Cek suna furta "r" tsakanin baƙaƙe ba tare da wasali ba, abin da ya sa bakina ya sha wahala. Wutsiyar -isko da -iště da -ište na nufin wuri, don haka ściernisko filin da tushiya ta cika ne, ba tushiyar kanta ba.

Sai daga baya na buɗe ƙamus ɗin Max Vasmer na asalin kalmomin Rashanci, wanda ya fito a birnin Heidelberg na Jamus a shekarun 1950. Masana sun yi hasashen cewa tsohuwar siffar kalmar ita ce *stьrnь, kuma da yawansu na danganta ta da wani tsohon tushe mai ma'anar tauri ko sandarewa. Duk wanda ya taɓa taka tushiya ba takalmi ba zai yi musu ba.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce rżysko, wata kalmar Foland ta irin wannan fili. Gindinta ba shi da alaƙa da na sauran ko kaɗan. Ta fito daga reż, tsohon sunan wani hatsi dangin alkama da ke jure sanyi, wanda Rashawa har yau ke kira rozh. Yanzu mutanen Foland sun koma kiran hatsin żyto, sunan dā ya ɓace a bakin jama'a, amma ya maƙale a sunan gonar da aka girbe shi. Wanda ya tsaya kan harshen yau kaɗai ba zai taɓa gano wannan ba, dole ka leƙa tsofaffin rubuce-rubuce da maƙwabtan harsuna.

Rashawa ma suna da kalma ta biyu, zhnivyo, daga zhat', yin girbi. Ita wannan ba ta ɓoye komai ba, kana jin ta ka san daga ina ta fito.