Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Ake Yaye Baduku Mai Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan yadda matasa masu buƙata ta musamman ke zuwa rumfarmu ta koyon dukanci a nan Gusau. Yau aikin kansa zan shimfiɗa muku, domin iyaye da malaman sana'a da dama sun nemi haka.

Mafi yawan ɗalibanmu cutar shan inna ce ta taɓa su tun suna yara. An ayyana kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa suna nan, sun zama samari da 'yan mata. Akwai kurame da makafi. Akwai kuma waɗanda gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, irin wadda ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara sama da 400. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Doka ce mai kyau, amma wanda bai taɓa shiga aji ba, sana'ar hannu ce hanyar da ta fi kusa da shi.

Da zane ake farawa, ba da fata ba. Watan farko fensir ne da takarda mai gidaje. Ɗalibi zai zana dagi, ya zana tauraro, sannan ya ƙirƙiro nasa adon. Wasu iyaye na ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa a ganina nan ne ginshiƙin. Wanda aka koya wa ɗinki kawai zai dawwama yana jiran wani ya zana masa, ya yanka masa. Wanda ya iya fitar da fasali da kansa, shi ne mai rumfa gobe.

Sai mazauni. Mai keken zama yana buƙatar tebur da ƙasansa ya kai santimita 70 daga ƙasa, don gwiwa ta shige. Wanda ya saba zama a tabarma, tebur mai tsayin santimita 30 ya ishe shi, da bango a bayansa don ya jingina. In teburi ya yi tsawo, kafaɗa za ta riƙe, yanka ya karkace, sai a ce yaron ne bai da hannu, alhali mazaunin ne. Mai hannu ɗaya ana yi masa matsi: katako biyu masu tsawon santimita 40, a haɗa su da kusa mai noti, a liƙa guntun fata a bakinsu don kada su yi wa aiki tabo. Ya danne gindin da cinya, katakon ya riƙe masa aikin.

Aikin farko jakar waya ce. A samo jemammiyar fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa. A lanƙwasa gefenta a gani: in ta tsage, ta bushe ko jimar ba ta kama ba, a bar wa majemi abarsa. A yanko guda biyu, kowane santimita 10 a faɗi, 18 a tsawo, daga wajen gadon baya, saboda fatar ciki tana miƙewa, sai jakar ta ƙi zama daidai da wayar. A shafa gam siriri a gefe uku, a jira kamar minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa kafin a haɗa. Gaggawa a nan ita ke sa baki ya buɗe bayan mako biyu. Gam kuma a sarari ake shafa shi, warinsa na sa jiri.

A ja layi milimita 4 daga baki, a huda da basilla, tazarar milimita 4 tsakanin huji da huji. Zare ya ninka tsawon ɗinkin sau huɗu, a goge shi da kakin zuma, a sa allura a kowane ƙarshe, su riƙa giftawa ta huji ɗaya. Ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan na riƙe. A ƙarshe a koma baya huji uku a datse.

Makaho ya fi kowa lura da tazarar huji, yatsa ke gaya masa. Ana yi masa ma'auni na kwali mai kauri da aka riga aka huda, ya ɗora ya bi. Zare kuma kowane launi da adadin ƙullinsa a baki: ja ƙulli ɗaya, baƙi biyu. Kurma kuwa, malam ya zauna haske na dukan fuskarsa, ya nuna aiki tukuna, ya ajiye, sannan ya yi bayani da hannu, don ido ba ya kallon abu biyu lokaci guda. Wanda dalma ta taɓa, mataki ɗaya ake ba shi a yini, a maimaita da safe kafin a ƙara wani, kuma ba a ba shi aska sai hannunsa ya tsaya a almakashi.

Rini sai fata na da ɗan danshi, in ba haka ba ya fito dabbare-dabbare. Karan dafi da 'yar kanwa ke ba da ja, amma kanwa in ta yi yawa launin ya yi duhu, fatar ta ƙandare. Kuloko ke ba da baƙi. A shanya a inuwa. Da hunturu a shafa ɗan man gyaɗa, da damina a rataye kaya inda iska ke ratsawa saboda fumfuna.

Inda aka fi yin asarar ɗalibi shi ne wajen kuɗi. Dole ya iya lissafa fata da zare da gam, ya ɗora ladan lokacinsa, sannan riba. Ciniki ya kasu uku: na sayen kaya, na ci, na ajiya. A taimaka masa ya yi lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya buɗe asusu da sunansa, wayar kuma ta zauna a hannunsa. Sau da yawa ɗan'uwa ne zai ce bari in riƙe maka, da kyakkyawar niyya ma, amma daga nan jari ya narke a cefanen gida. Kada kuma a yarda da sayen tausayi. In ɗinki ya karkace a warware a sake, domin mai saye don tausayi sau ɗaya yake zuwa. Ba ma miƙa wa ɗalibi kayan aiki ya tafi sai ya je wurin majemi da kansa ya yi tayi, ya yi jaka goma ba tare da an taɓa masa ba, ya kuma sayar da su ga mutanen da ba su san shi ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga ɓangaren 'yan mata da saƙa, da yadda ake shirya musu kai kaya kasuwa.