Konbata, hazo da kirinjijiyar Baturiya

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce a Kano. Tsuntsaye kuwa so ne tsagwaronsa, ba mai biya na ko sisi a kansu. Duk watan Janairu, idan hada-hadar bukukuwan ƙarshen shekara ta lafa, sai in ɗaura jaka in nufi Hadeja, daga can in gangara Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan dausayi da asubahin hunturu ba, ba zai gane abin da ke ja na ba. Ga dinya, ga zalɓe, ga jinjimi, ga kirinjijiya garke-garke tana fito, sannan ga baƙi, agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka tsallako hamadar Sahara daga Turai suna gudun sanyin can. Ba banza aka sa Baturiya cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, mai kare irin waɗannan wurare, a 2008 ba.

Damuwata ɗaya ce: nisa. Lens ɗin da nake da shi mai zum ne, daga milimita 100 zuwa 400, yawan lambar shi ne yawan girman da abu ke yi a hoto. A wajen biki wannan ya yi yawa ma, amma a gaban tsuntsu ba komai ba ne. Sai ka ɗauki hoto kana murna, ka buɗe a kwamfuta ka tarar da tsuntsun kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. Babban lens na milimita 600 da ƙwararru ke riƙewa kuwa, kuɗinsa ya sayi mota. Shi ya sa da na ji labarin telekonbata, wadda masu sana'armu ke kira konbata a taƙaice, na ga kamar an yi mini maganin matsalata. Ɗan guntun gilashi ne da tsawonsa bai kai na gwangwanin madara ba, ana ɗaura shi tsakanin kyamara da lens. Mai lamba 1.4 tana mayar da 400 ya zama 560, mai lamba 2 ta mayar da shi 800. Na samu mai 1.4 ta hannu, na biya, na dawo gida zuciyata fari fat.

Tun a kan soron gidanmu ta fara nuna mini halinta. Na saita wata kurciya a kan eriya, na taɓa maɓalli, kyamara ta ƙi kama fokos. Shiru kake ji. Na cire konbata, ta kama nan take. Na mayar, ta sake ƙi. Dalilin, wanda ya kamata in bincika kafin in zaro kuɗi, shi ne konbata ba ta ƙirƙiro komai. Tsakiyar hoton da lens ya kawo take ɗauka ta shimfiɗa shi ya cika sensa, wato faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, kamar yadda ake baza ɗan man shanu a kan tuwo mai yawa. Hasken da ya taru a wuri ɗaya sai ya bazu a ninkin wurin, saboda haka rabinsa ne ke isa kowane gefe. A lissafin masu hoto, lens ɗina da ke f/5.6 a ƙarshen zum ya koma f/8, wannan lamba kuwa ma'aunin ƙofar haske ce, tana ƙaruwa haske na raguwa. Tsofaffin kyamarori masu madubi da yawa kuwa, irin wadda nake riƙe da ita a lokacin, fokos ɗinsu na kai-tsaye a f/5.6 yake tsayawa. Akwai waɗanda ke jure f/8, kamar Canon 7D Mark II da Nikon D500, sai dai da 'yan ɗigon fokos na tsakiya kawai. Sababbin kyamarori marasa madubi sun wuce wannan matsala, suna kamawa har a f/11. Dole na yi musayar kyamarata da mai jure f/8, na cika kuɗi. Ka ga konbatar da na saya don tsimi ta riga ta ja mini wani kashin kuɗin.

Ranar farko a dausayi na fita bayan sallar asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi walwala. Nan na ji zafin rabin hasken da na rasa. Tsuntsu ba ya tsayawa cak kamar amarya. Ko yana zaune kansa na juyawa, ga hannunka na rawa, lens mai tsawon 560 kuma kowace 'yar girgiza sai ya ninka ta. Ina bukatar shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ta kai 1/1000 na daƙiƙa. Inda a da ISO 800 ke isa ta (ISO shi ne ƙarfin da sensa ke ƙara wa haske), yanzu sai 1600, da duku-duku ma har 3200, hoto ya cika da tsaki-tsaki. Na ce to, bari rana ta ɗaga.

Rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 11 na hango garken dinya can tsallaken ruwa, nisan da ya fi tsawon filin ƙwallo. Na ce yau ga ranar konbata. Na kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, na yi ta ɗauka har kati ya kusa cika. Da daddare a masauki na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Dinya ta yi girma a hoton, gaskiya ne, amma ba gashi ko ɗaya da za ka iya ƙirgawa. Kamar an zana ta da alli an goge da hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ƙudurta cewa an sayar mini da lalatacciya.

Da na koma Kano sai na ce kafin in ɗora wa kowa laifi bari in gwada. Na manna takardar naira 200 a bangon tsakar gida, na ja baya taku goma sha biyu, na kafa sanda, na ɗauka da konbata, na cire na sake ɗauka, sannan na yanke na biyun a kwamfuta har girmansu ya zo ɗaya. Abin da na gani ya ba ni mamaki. A hoton konbata, siraran layukan nan da ke jikin kuɗi sun fito ɗaya-ɗaya, a wanda na yanke kuwa sun fara cakuɗewa. Da na ɗan tsuke ƙofar haske daga f/8 zuwa f/10 sai ya ƙara kyau. Ashe gilashina lafiya lau yake. Iskar da ke tsakanina da dinya ce ta cuce ni. Da hantsi ƙasa da ruwa suna ɗaukar zafi, iska tana tashi tana rawa, irin kawalwalniyar da direba ke gani a kan kwalta. Ga hazon hunturu a kai. Duk taku ɗaya da ke tsakaninka da tsuntsu, ƙura ce da rawar iska, konbata kuwa ba ta san bambancin tsuntsu da ƙura ba, duka take girmamawa. Ni na ɗauka na sayi abin da zai jawo na nesa kusa, alhali aikinta ƙara wa na kusa girma ne.

Wanda ya ƙarasa mini karatun bai taɓa riƙe kyamara ba. Wani dattijo ne masunci da ke tuƙa ni a kwalekwale. A zuwana na biyu ya ga ina ta miƙa wuya ina saitin tsallake, sai ya ce, "Malam, kai kullum na can kake nema. Gobe ka zo kafin gari ya waye, in kai ka inda za su same ka." Na ce, "To Baba, Allah ya kai mu." Washegari ya tura kwalekwalen cikin kacala, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin har manoma da masunta ke kuka da ita. Ya daidaita mu yadda rana za ta fito ta bayanmu, ya kafe gwangwala a laka, ya ce kada in motsa. Sanyi na ratsa ƙashi. Na ɗora lens a kan buhun ƙaiƙayi a bakin kwalekwale, muka yi tsit.

Mun fi rabin awa a haka. Can sai ga tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ya ɓullo, yana ɗaga ƙafa a hankali, yana juya ganye da baki yana neman ƙwari. Bayansa kirinjijiya shida suka sauka, ba su fi taku goma sha biyar daga gare mu ba. Rana ta ɗan leƙo, haske mai ruwan zuma, iska ba ta fara rawa ba. Na sa ido a kyamara na ga farar fuskar ɗaya ta cika mini gani, laka ta ɗan ɓata mata gefen baki, ɗigon ruwa na rataye a ƙasan haɓarta, siraran ratsin baƙi da fari na haƙarƙarinta kowanne a fili. Na danna sau uku kawai. Wannan hoton shi ne a bangon shagona yau, kuma da babu konbata da bai cika haka ba, domin 1.4 sau 1.4 kusan biyu ne, wato tsuntsun ya ci ninkin filin da zai ci a hoton.

Daga ranar na san lokacinta. Idan tsuntsu yana zaune, yana kusa, haske ya wadata, tana kan kyamara. Wani alherinta da ban sani ba sai a fili: ba ta canza mafi kusancin da lens zai iya kama fokos, saboda haka ƙananan tsuntsayen da ke sauka a reshen bagaruwa kusa da kai, har da mazari, suna fitowa manya-manya. Amma idan garke zai tashi, ko shirwa na shawagi, cire ta nake. Fokos yana yin nauyi da ita, shata kuma tana son 1/2000, sannan samo tsuntsu mai gudu a cikin ɗan ƙuntataccen filin 560 sai ka yi ta lalube a sarari. Mai lamba 2 na ara sau ɗaya. A kan lens irin nawa f/11 take kai ka, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ke nan ya rage, hoton kuma ya yi laushi. A ganina ta manyan lens ce masu f/2.8 ko f/4, ba ta mai zum ba. Mai niyyar saye kuma ya tafi da lens ɗinsa ya ɗaura a gaban mai kaya, don gilashin gaban wasu konbatoci ya turo waje, ba kowane lens yake shiga ba. Ko RF 100-500 na Canon, daga 300 zuwa 500 kaɗai yake aiki da ita.

Cirewa da mayarwa a cikin hunturu ma wani aiki ne. Sau ɗaya na yi shi a fili iska na kaɗawa, duk hotunan yinin suka fito da ɗige-ɗige a sararin sama, ƙura ta zauna a sensa. Yanzu tun a ɗaki nake yanke shawarar da ita zan fita ko babu ita. In ta kama dole a daji, sai in ba iska baya, in kifa bakin kyamara ƙasa, in yi canjin a cikin rigar matashin kai da nake yawo da ita.

Akwai kuma abin da ya sa nake ƙaunarta wanda bai shafi kyan hoto ba. Baƙin nan na Turai kiwo suka zo yi, suna tara ƙiba don su iya sake tsallake hamada wajen watan Maris. Duk sanda mai hoto ya matsa musu suka tashi, ƙarfin tafiyarsu ya ci. Zakaran ƙeƙuwa kuwa da ya hango ka zai fasa ihu, fadama gaba ɗaya ta watse. Da konbata, hoton da sai na matsa taku goma zan samu, ina samunsa daga taku goma sha huɗu. Taku huɗun nan sau da yawa su ne tsakanin tsuntsu ya ɗaga kai ya dube ka ya ci gaba da kiwonsa, da ya buɗe fiffike.

Baba ya ce akwai wani lungu ta wajen gabas da gauraka ke sauka jefi-jefi idan ruwa ya fara ja baya. Shekara biyu muna zuwa ba mu dace ba. Bana mun yi da shi zan zo a farkon Fabrairu, mu kwana a ƙauyensu, mu shiga kacalar tun kafin kiran assalatu.