Ruwa a tanki, ɗaurin aure a Zariya

Jiya da daddare na dawo daga Zariya, har yanzu hannuna warin fetur yake wallahi. Ɗaurin auren abokina muka je a Tudun Wada, mu huɗu a Corolla ta, mun baro Kano bayan asuba ana yayyafi. Kuskurena ɗaya, na tsaya wani ɗan gidan mai bayan Kwanar Ɗangora don na ga litarsu ta fi ta gari sauƙi, na sha na dubu talatin ina murna na ci riba.

Ko Tashar Yari ba mu kai ba mota ta fara fizga, in na taka totur sai ta shaƙe kamar mai tari, haka muka lallaɓa har Kwangila, a ƙarƙashin gada ta mutu murus. Wani mai kaki ya zo yana ta yi mana hayaniya wai mun tare hanya, ko turawa bai taya mu ba, 'yan acaɓa ne suka kama mana.

Su suka kira mana wani dattijon bakanike. Ni na gama sawa a raina fil famfo ne, wato famfon da ke tura mai daga tanki zuwa inji, don a Kano da ka ce mota na fizga za a ce kawo kuɗin sabo. Shi kuwa sai ya ce, "Alhaji ina ka sha mai?" Ya sa yaronsa ya ɗaga kujerar baya, suka zaro famfon, ya zuƙo man da tiyo cikin gorar ruwa ya ɗaga ta sama. Ga fetur a sama, ga ruwa kwance a ƙasa kusan yatsa biyu, layi raɗau a tsakaninsu. Wai ruwa ya fi fetur nauyi shi ya sa yake kwanciya a gindin tanki, famfo kuma daga nan yake ja, sannan da damina ruwan sama kan shiga tankin ƙasa na gidajen man da ba sa kula.

Na ce Baba babu maganin da ake zubawa? Ya yi dariya ya ce na ɗan digo ne wannan, naka sai an juye, Kanawa da son banza. Na ce Zage-zagi dai ba kwa raina abin faɗa. Suka juye tankin kaf a jarkoki, aka goge cikinsa, aka canza filta, aka wanke fulogi. Man ma bai bari na yi asara duka ba, ya bar shi ya kwanta ya tsiyaye na saman. Dubu bakwai ya karɓa, har da aiko mana ƙosai da kunu daga gidansa. A Kano kuɗin buɗe bonet kenan.

Ɗaurin aure dai kafin mu isa an shafa fatiha, shinkafar kawai muka tarar. Muka leƙa Ƙofar Doka muka yi la'asar muka juyo. Da muka zo gidan man nan na rage gudu, motoci uku na gani a layi.