Jirgin nan yadi ne

Ƙaramin samfurin farko da na haɗa na jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne Sopwith Camel na Ingila, ma'aunin 1/48, wato kashi ɗaya cikin 48 na girman ainihin jirgin. Na shafe shi da koren fenti mai ƙyalli, sumul, babu ko tabo. Da na kai wa malamin da ke koya mini sana'ar, sai ya jujjuya shi a hannu ya ce: "Yaro, ai mota ka fenta. Jirgin nan yadi ne."

Maganar ta zauna mini. In ka cire murfin inji da 'yan allunan gaba, jikin Camel katako ne da waya, aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafa masa wani ruwa mai danƙo da ake kira dof. Yana bushewa sai yadin ya ɗame kamar fatar ganga. Ƙarƙashin fukafukai galibi ba a sa masa launi, shi ya sa yake fita ruwan madara, har ana hango inuwar haƙarƙarin katako idan rana ta haska ta sama. Injin kuma irin mai juyawa gaba ɗaya tare da farfela ne, yana fesar da man zurma, man ya jiƙa yadin ya bar shi da dabbare-dabbare. Duk wannan babu ko ɗaya a aikina.

Koren ma da na zaɓa akwai gyara. Daga 1916 Ingila ta riƙa shafa wa saman jiragenta wani haɗi mai suna PC10, ƙasa mai launin rawaya da ɗan baƙin kunkunniya, domin kare yadin daga cin rana. Wani ya fito kore-kore, wani ruwan ƙasa, gwargwadon masana'anta da daɗewar jirgin a fili. Na yi watanni ina neman kwalba ɗaya da za ta zama "ainihin" PC10 kafin na gane babu ita. Wanda ya san marina ya san rijiya ɗaya ba ta ba da shuɗi iri ɗaya kullum.

Jamusawa kuwa daga 1917 sun koma buga launi a jikin yadin tun daga masaƙa, tamkar atamfa: ƙananan siffofi masu kusurwa, launi huɗu ko biyar, mai duhu a sama, mai haske a ƙasa. Hakan ya rage nauyin fenti. Tunda yadi ne mai iyakar faɗi, dole a ga wurin da aka haɗa ƙyalle da ƙyalle, da siraran ƙyallayen da aka bi kan kowane haƙarƙari. Wanda ya manna zanen a tafi ɗaya ya ɓata aikin, komai kyan launinsa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne hotuna. Da na ɗauka hoto ba ya ƙarya. Ashe fim ɗin wancan zamani yana mai da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuma ya yi fari-fari. Dubi tambarin da'ira na jiragen Ingila: zoben shuɗin waje ya kan dushe, jan tsakiya ya koma kusan baƙi. Wannan ne ya sa har yau ake gardama kan murfin injin jirgin Fokker na Werner Voss, matuƙin jirgin yaƙin Jamus, wanda aka harbo ranar 23 ga Satumba 1917: kore ne mai duhu, ko rawaya irin ta rundunarsa, Jasta 10?

Kwanan wata ma na da hukunci. A farkon 1918, wajen Maris zuwa Afrilu, Jamus ta sauya tambarin gicciyen jiragenta mai faɗin baki zuwa miƙaƙƙe, a wasu jiragen har ana ganin shatin tsohon a ƙarƙashin sabon fenti. Yanzu ina kan Fokker D.VII, kuma mako biyu ke nan ina yankan ƙyallayen haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ban ko buɗe kwalbar fenti ba.