Layi ɗaya a rahotona na farko

Jiya na miƙa makullin babur a biro, bayan shekara shida ina malamin gona a poroje. Abokan aiki sun ce in rubuta abin da na koya, to ga shi.

Shekarata ta farko aka tura ni wani ƙauye a yankin Tasawa in koyar da sassabe zamani (barin tohon itace ya girma a gona), haƙar tassa (ƙananan ramukan shuka masu riƙe ruwa) da zuba taki da murfin kwalba. Na sa taro da hantsi, a gindin gawo, ƙofar gidan maigari. Maza suka cika tabarmi. Mata uku suka zo, suka zauna can nesa, ba wadda ta ce uffan. Na koma Maradi na rubuta: "Mata ba su da sha'awar sabbin dabarun noma." Da wannan layin shef ya soke rabonsu na iri a daminar.

Sai da kaka wata dattijuwa ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Ɗana, kai ne mai cewa a bar itace a gona? A gonar wa?" Na yi shiru. Ta ce gamanarta, ɗan filin da take noma wa kanta, aro ce daga maigida, bana a ba ta nan, baɗi a ba ta can. In ta zuba taki ƙasa ta yi kyau, sai a mayar da wurin cikin gandu. In ta reni itace, mai gona ne da shi. Lokacin da na kira taro kuwa, suna kan turmi da ɗiban ruwa. Na ce, "Inna, me kuke so a koya muku?" Ba ta ko yi tunani ba: irin wake mai saurin nuna, yadda ake ajiye shi a buhu mai ninki uku kada ya yi ƙwari, da abin da za a ba jar akuya a bazara in harawa ta ƙare.

Ko ɗaya babu a takardun horon da aka ba mu. Abin kunyar ma, a jiharmu ta Maradi aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara tun 1991, kuma matan ƙauyen suna zaman asusu kowane mako. Taron da nake nema yana nan, ni ne ban je ba.

Na kai wa shef maganar, ya ce shi dai adadi yake so, a sa sunayen mata a takardar halarta. Da masu ba da kuɗi suka tambayi dalilin ƙarancin mata, rahotona ya ɗago a gaban kowa, bai ambaci sa hannunsa da ke ƙasa ba.

Sauran darussan kun san su. A nemi izinin maigida kafin a gayyaci matarsa. A tafi da mace malamar gona. Kada a raba kuɗin zama a gaban jama'a.

A ƙauyukan da na riƙe daga baya, a zaman asusu nake koyarwa bayan la'asar, kuma sai da na ƙaro tabarmi. Shef kuwa, na ji an ƙara masa girma, yana Yamai.