Takardun da ke ƙasan adakar Kawu

Kawuna ya shiga soja a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ko gemu bai fito masa ba. Da mai rubutu ya tambaye shi suna na biyu, sai ya ba da sunan garinmu, kamar yadda 'yan Arewa da yawa suka yi a wancan zamani. Da wannan suna ya yi aiki, da shi ya yi ritaya, da shi yake karɓar fansho. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa kuwa, jikansa ne ya raka shi, yaro ya ba da sunan mahaifin Kawu na gaskiya. Ranar da aka gwada takardu da juna, kwamfuta ta ga mutum biyu. Kuɗi suka tsaya.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel, kuma duk mai fom a unguwarmu ni yake kawo wa. Ran nan bayan la'asar Kawu ya aiko kirana. Ya jawo tsohuwar adakarsa, ya fito da wata leda da aka ɗaure da kyauron roba, ya ce, "Ɗan nan, ka duba mini. Ban mutu a Onica ba, kada takarda ta kashe ni."

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, sati biyu ya isa." Wata bakwai muka yi.

Kuskurena na farko, na ɗauka fanshon soja irin na sauran ma'aikatan tarayya ne, na kashe kuɗin mota zuwa Kano ina neman kamfanin fansho. Ashe dokar 2004 ta sa sojoji cikin tsarin adashin fansho, amma a 2011 aka cire su, aka mayar da su ƙarƙashin hukumar fanshon soja da ke Abuja. Wani tsohon saja ne ya fahimtar da ni a tasha, yana ta yi mini dariya. Shi ne kuma ya ce in haddace lambar aikin Kawu kamar Fatiha, don a wurin soja lamba ce mutum. Da takardar sallama, da takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne, da wasiƙar banki, aka warware. A tsakanin nan wani mai bakin zuma ya zo ya ce a ba shi takardun na asali da kuɗin hanya, ya san mutane a sama. Allah ya sa Kawu ya ƙi. Tun daga ranar ba na sakin takardar asali ga kowa, sai hotonta.

Labari ya bazu. Ranar Alhamis, in an taso daga kasuwar Maigatari, sai in tarar da tsofaffi a zaurena, wani ya yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, wani Saliyo, wani Bakasi. Har da wanda bai san yana da haƙƙin kulawar asibiti a matsayin mai ritaya ba, awakinsa yake sayarwa ya sayi maganin hawan jini.

Amma abin da ya hana ni barci ba nasu ba ne. 'Yar maƙwabcinmu ce, mijinta ya rasu a bakin daga a Borno, ya bar ta da 'ya'ya uku. Lokacin da ya shiga soja bai yi aure ba, don haka a fom ɗin magaji, wanda su ke kira nes-of-kin, sunan wansa ya rubuta. Ya yi aure, ya haihu, bai taɓa komawa ya sauya ba. Da kuɗi suka fito, hannun wan suka shiga, shi kuma ya ɗauka kyauta ce ƙaninsa ya bar masa. Ta fito daga takaba ba ta da ko kwanon gero.

Ban je masa da faɗa ba, don na san in aka kai ga haka marayun ne za su rasa baffa. Liman na ɗauka da mai unguwa. Liman ya zaunar da shi ya ce masa, "Alhaji, takardar bariki wakili ta naɗa ka, ba ta shafe ayar gado ba. Matar nan tana da tumuninta, 'ya'yan nan suna da rabonsu." Ya yi shiru har na fara fid da rai. Daga baya ya mayar da abin da ya rage, wanda bai kai rabi ba. Ta ce mini, "Malam, Allah ya isar mini sauran, ni dai yara su shiga makaranta."

Daga nan na gane taimakon mutum ɗaya-ɗaya ba zai kai mu ko'ina ba. Na sami shugabannin ƙungiyar tsoffin sojoji ta Legion na yankinmu, wadda doka ta kafa tun 1964, muka rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya wasiƙa. Ta farkon shafi biyar na yi, duk kuka. Wani tsohon kofur ya karɓa ya ce, "Malam, soja ba ya dogon rahoto." Muka mayar da ita shafi ɗaya. Mun nemi a wajabta wa kowane soja sabunta fom ɗin magaji duk lokacin da ya yi aure ko ya haihu, a kuma riƙa kawo masu tantance 'yan fansho hedikwatar ƙaramar hukuma, maimakon a sa ɗan shekara 80 a bayan a-kori-kura. Ko an ce a yi ta waya, wa zai danna wa tsohon da idonsa ya yi yana?

Mun kuma kawo misalin sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024. A wajen jana'izarsu a Abuja, Shugaba Tinubu ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Hakan ya yi kyau. Sai dai a ganina abin da aka yi musu ya kamata ya riski kowace gwauruwar soja kai tsaye, har wadda rediyo bai faɗi mutuwar mijinta ba, ba sai ta san wani ba. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin Kawu ya ƙare a 1970. Kawu yakan saurara a rediyo, ya gyaɗa kai, ya koma kaɗa igiyarsa.

Har yau amsar wasiƙar ba ta zo ba, mun sake aika wata. Abin da muka samu a kusa shi ne kansilanmu ya ba mu aron ɗaki da benci biyu, Asabar ɗin farko ta kowane wata. Na sayi babban littafi, ina rubuta lambar aikin kowa, da shekarar sallamarsa, da sunan wanda ya rubuta a matsayin magaji. Samarin da suka zo hutu daga bariki ma ba na ƙyale su. Da bikin sallar da ta wuce na tare guda uku a bakin masallaci, biyu daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya, kuma har yanzu sunan yayyensu ne a fom.