Farin ɗigo a jikin kifin gwal lokacin hunturu

Da hunturu ya kankama sai saƙonni su fara shigo mini daga masu ajiye kifin ado, kusan duk kuka ɗaya: kifin gwal ya wayi gari da fararen ɗigo a jiki da wutsiya kamar an barbaɗa masa gishiri, ya matse fikafikansa, yana ta goga jiki a tsakuwa. A nan Zariya ruwan tankina yakan ɗumama da rana, da asuba kuma ya sauka ƙasa da digiri 20. Wannan hawa da sauka yana galabaitar da kifi. Amma sanyi ba ya haifar da cutar. Shigo da ita ake yi, a jikin sabon kifi, ko a ganyen ruwa, ko a ragar kamu da ta fito daga wani tanki.

Ƙwayar da ke kawo cutar sunanta Ichthyophthirius multifiliis, wani Bafaranshe mai suna Fouquet ne ya bayyana ta a 1876. Ɗigon nan da kake gani ita ce ta kutsa ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma muddin tana can babu maganin da zai kai gare ta. In ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta da ɓawo, ta yi ta rarrabuwa a ciki har ta zama ɗaruruwa. Daga nan ɓawon ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. Wadda ba ta samu ba cikin kwana biyu ko makamancin haka mutuwa take yi. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai magani yake kama su.

Nan ne ruwan sanyi yake ba mu wahala. A digiri 25 ƙwayar tana gama zagayenta ƙasa da mako guda. A digiri 15 sai ta ci kusan mako biyu, a digiri 10 kuwa ta haura wata. Umarnin da ke jikin yawancin kwalaben magani ya fi dacewa da ruwa mai ɗumi, saboda haka mai kifin gwal zai iya bin sa daidai, ya gama, alhali ƙwayoyin suna kwance cikin tsakuwa ba su ko ƙyanƙyashe ba. Ɗan yayata ya kira ni bara yana murna: "Kawu, ɗigon duk ya ɓace, in daina zuba magani?" Na ce masa, "A'a, ɗana, sauka suka yi, yanzu aikin ya fara." Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan a harkar nan, a ga kifi ya kusa tsira, a janye masa magani, zagaye na biyu ya zo ya kashe shi.

Ni gishiri nake fara amfani da shi, don kifin gwal yana jure shi sosai. Gishiri zalla, giram 3 a kowace lita. Tanki mai lita 100 zai ci giram 300, amma a raba shi uku, a narkar da kowane kaso a bokiti kafin a zuba, a bar awa 12 tsakani. Duk bayan kwana biyu nakan zuƙe ƙasan tanki da tiyo, in fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, domin ɓawon ƙwayoyin a nan yake. Ruwan da ka mayar, sa masa gishiri daidai gwargwadonsa. Wanda kuwa ya ragu don tururi, cika shi da ruwa kawai, gishirinsa yana nan a tanki. Ganyayen ruwa a fitar da su tun farko, gishiri yana lalata su. Haka nake ci gaba har aƙalla mako guda bayan ɗigo na ƙarshe, in ruwan ya yi sanyi sosai in ƙara wani makon.

Masu cewa a ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 30 ban cika yarda da su ba a kan kifin gwal. Ruwa mai zafi iskarsa kaɗan ce, ga shi ƙwayar tana cin mashaƙar kifi, wato inda yake numfashi, tun kafin a ga ɗigo a jiki, shi ya sa yake hawowa sama yana haki. A ɗauke wuta cikin dare, injin iska ya tsaya, to da safe sai dai a kwashe gawa. In akwai hita, wato na'urar ɗumama ruwa, digiri 24 ko 25 ya isa, a hau a hankali, a ƙara iska.

In gishiri bai yi ba, akwai haɗin magunguna biyu, malachite green da fomalin. A cire gawayin da ke cikin matatar ruwan tanki kafin a zuba, don yana shanye maganin. Masu kiwon tarwada su yi nesa da shi: Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da malachite green a kifin da za a ci.

Kafin ka zuba komai, duba inda ɗigon yake. Namijin kifin gwal da ya isa barbara yakan fitar da fararen ƙuraje a murfin mashaƙarsa da bakin fikafikan gaba, a jere, ba su bazu zuwa wutsiya ba, kuma yana cin abincinsa yana bin mace. Wannan lafiyarsa ƙalau, a bar shi.